Tutar Malam Mumuni

A tashar Agiye, tsoho Malam Mumuni na jiran motar Gangara, tuta naɗe bisa cinyarsa. Wani saurayi ya zauna kusa da shi.

"Baba, tutar ƙasa ce wannan?"

"Ita ce. Na rataya ta a ƙofar gidan ɗana a Maradi, kwamitin masu gidajen unguwar suka ce dokarsu ta hana."

"Ai tsari ne, Baba. Mu ma haka muke yi a unguwarmu."

"Ina ɗan lakol, ni ke ɗaga irinta a makarantarmu kowace safiya. Har masu amalanke sai sun tsaya."

Saurayin ya sunkuyar da kai. "Yanzu ina za ka kai ta?"

"Gida, ɗana. Katangata ta laka ce, amma ba ta da kwamiti."