Goggon Birin da ke Sosa Ƙeya

A gaban kejin birai na gidan namun daji a Yamai, Malam Mu'azu, tsohon mushe, wato malamin makaranta, da ya ajiye alli, ya tarar da wata Hajiya tana miƙa wa goggon biri gujiya.

"Hajiya, zumunci ake yi?"

"Kai ma irin mushen nan ne masu cewa kakanmu ɗaya da su?"

"Da bakina na koyar da shi a lakwal."

"To, ina yarinya da mushenmu ya faɗa, ficewa na yi daga aji. Babana har makarantar ya je da sanda."

"Yanzu fa?"

"Da na yi aure na ga dangin mijina suna cin tuwon biki, na yarda da rabi. Da jikoki suka fara hawa mini labule, na ƙara kwata. Kai fa?"

Mu'azu ya waiga, ya rage murya. "Ni tun da na dawo daga Makka nake faɗinsa a hankali. Sahun gaba nake salla yanzu."

"Au! Ni ina hawowa, kai kana gangarowa."

Birin ya sosa ƙeya, ya tura leɓe, ya juya musu baya. Hajiya ta bar dariya.

"Haka mijina Alhaji yake yi in an ɓata masa rai, Allah ya jiƙansa. Duk Juma'a nake zuwa."

"Amin. To, sauran kwatar fa?"

Ta goge ido da bakin mayafi. "Ranar da birin nan ya tambaye ni ina na kai canjin cefane, zan yarda duka."