Wanda Ya Juya Wutar

An ɗauke wutar layin masu ƙanƙara ranar da rabonsu ne na samun wuta. A bencin ofishin ƙorafi na kamfanin lantarki, wata dattijuwa tana gaya wa mutumin gefenta.

"Ƙanƙarata duk ta narke, ɗana. In na ga mai wannan aikin, sai na ja kunnensa."

"Ga kunnen, Mama. Ni na juya ta layin asibiti. Janaretonsu ya mutu, ga jaririya bakwaini a kwalba."

Ta dube shi. "Ta rayu?"

"Har tana kama nono."

"To, ƙanƙara ai dama ruwa ce. Me kake jira nan?"

"Hukuma ta ce na karya tsarin rabo. Kayan aikinsu na kawo, an sallame ni."