Kujerar da Suruki Ya Ba Ni

A tashar Dakoro, ana jiran motar Korahane ta cika, wani dattijo ya zauna kan benci yana dafe da ƙugu. Na kusa da shi, wani kafinta, ya ce, "Baba, lafiya?"

"Ina fa lafiya! Mijin ɗiyata Nuriyya ne ya kama gidan haya a Yamai, wai mu je hutu. Kwana bakwai a kan kujera ya kwantar da ni. Gwiwata har haɓa! Na ce mata ba ni ƙara taka inda yake."

"Shi ya ce ka kwana nan?"

"Kansa a ƙasa ya nuna kujerar, ya ce ga makwanci, ya fice da sauri."

"Ba ka tambaya ba?"

"In tambayi suruki wurin kwana? Haba dai!"

"Baba, kujerar nan, akwai wata 'yar igiya daga ƙasanta?"

"Akwai. Nan nake rataye carbina."

Kafintan ya ƙunshe dariya. "Ai da ka ja ta, gado ne zai fito, har da katifa. Mutum biyu yake ɗauka."

Dattijon ya juyo ya dube shi.

"Shi ya sa kullum da safe yake aiko Nuriyya ta ji ko katifar ta yi mini. Ni ko na ɗauka ba'a ce."

"To, sai ka kira shi."

"In ce masa me?" Ya lalubo wayarsa cikin aljihu. "Nuriyya zan kira. Ta gaya masa baɗi ma ina zuwa."