Hutu Ba Ya Farawa Sai Verna Ta Iso

Shugabar taro Lorraine Tikkanen, dattawan wannan ƙungiya ta matuƙa ƙananan jiragen ruwa na kayak, masu gasa mana kifi a bayan zaure, 'yan uwa maza da mata, ina gaishe ku gaba ɗaya.

Na gode da kuka ba ni dama, ni Russell, mai tsaron baya a jerin jiragenmu, wanda ya fi sanin ƙeyarku a kan fuskokinku.

Magana ta farko, muna da masu sauri. Ga Gunnar can yana sunkuyar da kai. In ya tsoma filafili a Tafkin Superior, sai ka rantse wani ya ce masa ƙasar Kanada da ke tsallaken tafkin za ta tashi kafin ya isa. Ba laifi, ƙarfi baiwa ce.

Ta biyu, muna da masu nawa, shugabarsu kuwa Verna, wadda ta koya wa rabin zauren nan yadda ake kifewa da jirgi a ruwa a sake tashi.

To, ga inda gizo ke saƙa. Masu sauri su isa tsibirin da muke hutawa, su miƙe ƙafa, su sha kofi, su cinye burodin guzurinmu. Verna na isowa tana haki, ni ina biye da ita, sai Gunnar ya yi tsalle: "Yawwa, mun cika! Mu tafi!" Su sun huta, ita ko murfin gorarta ba ta buɗe ba. Haka muka yi mata duk bazarar nan, muna kuma yabon kanmu wai mun jira ta.

Ranar Asabar ta ce mini, "Russ, jikata zan ba jirgin nan. Na zame muku kaya."

Na ce, "Haba Verna, wane irin kaya?"

Ta ce, "Kai ma fa yunwa kake sha saboda ni, kar ka yi mini ƙarya."

Wallahi maganar ta sosa mini rai.

Don haka ina roƙo, roƙo kuma na gaske: daga yau hutu ba ya farawa sai na ƙarshe ya iso, ba ya ƙarewa sai na ƙarshe ya ce a tashi. Sannu ba ta hana zuwa. Gunnar, in jira ya ishe ka, zagaya tsibirin, ruwa ba ya ƙarewa.

Verna, ba tsufa ne ya gajiyar da ke ba, mu ne. Jikarki ta ƙara haƙuri, ba yanzu za ta gaji jirgin nan ba.

Allah ya kwantar mana da iska, ya tsare mu daga sanyin ruwa, ya dawo da mu gaɓa tare, na gaba da na baya.

Na gode.