Igiyar Malam Umaru Ta Hana Ni Sakat

Assalamu alaikum, Malam mai karanta wasiƙunmu, Allah shi ƙara maka lafiya. Ni ne Malam Garba, malamin elementare a Bodinga.

Abin da ke cina shi ne Malam Umaru na Shagari. Ni na koya masa riƙon alli, yau kuwa sunansa ake kira, ba nawa ba. Shi in ya yi bayanin awo kaɗan a allo, sai ya fita da yara lambun makaranta da igiya, su auna fangalin albasa da hannunsu. Ni kuwa hadda nake ba su, har na riƙa yi masa dariya ina cewa ya mai da aji gona.

Makon jiya Baturen ilimi ya zo rangadi. Ya tambayi ajina ƙafa nawa ke cikin yadi, sunka amsa baki ɗaya, na ji daɗi. Sai ya miƙa musu igiya ya ce su auna bangon aji. Wallahi sunka tsaya suna kallona. Ya juyo ya ce, “Malam Garba, ka taɓa zuwa Shagari ka ga aikin Malam Umaru?” Na ce, “Ranka ya daɗe, ban taɓa ba.” Tun ranar ko sunan Malam Umaru ba na son a ambata.

Na sayi igiya ran kasuwa, tana rataye ban san ta inda zan fara ba. Jama'a, ku ba ni shawara: da wane baki zan ce wa ƙanen bayana ya koya mini?