Ramin Sukurun Allon Ludo

"Umma, me ya sa tsohon nan ya rungume katako kamar jariri?"

Na toshe bakin 'yata. A rumfar kafinta muke.

"Baba, wa ya ɗaure hinjin allon ludon nan?" in ji kafinta.

"Ni. Da ya yi sako-sako sai in ƙara murɗawa."

"Ai garin katako ne aka matse. Kun cinye ramin sukurun. Ku sayi sabo."

"Na ɗana ne. Haka na matsa masa har ya bar gida. Jibi zai zo."

Kafinta ya jawo gam da tsinken ashana.

"Zan cike ramin. Kada ku taɓa sai ya bushe."

Na sassauta riƙon hannun 'yata. Iyaye, ku kiyayi murɗin ƙarshe, shi ke cinye rami.