Mai Tabo a Goshi

Wata budurwa ta lura da wani dattijo yana ta jujjuya ƙananan kyamarori biyu da mai shago ya fito da su.

"'Yata, da ganinki kin yi boko. Wacce ta fi?"

"Baba, wannan ta fi daɗin riƙo. Waccan kuwa nesa take janyowa kusa."

"Kamar daga nan zuwa can?" Ya nuna dogon benen da ake ginawa a tsallaken titi, leburori a samansa kamar tururuwa.

Ta saita masa. "Murɗa nan a hankali."

"Ikon Allah! Har zufar wuyan mutum nake gani! Ai ko shaho albarka." Ya yi ta bin fuskoki ɗaya bayan ɗaya. "Tsaya, ga shi nan, mai tabo a goshi. Wayyo, ya rame."

"Ka san shi ne, Baba?"

"Autana ne. Shekara uku ke nan da na kore shi daga gida. Kullum sai na zo na ɗaga kai, ban taɓa iya tantance shi ba."

"To, ai ka samu wadda za ka saya."

Dattijon ya ajiye kyamarar a hankali, ya gyara zaman hularsa, ya tsallaka titi.